Yaro Mai Haƙori Ya Ƙi Abinci: Matakan Da Uwa Za Ta Bi

Yaron da ya shekara, ya saba cusa hannu a kwanon tuwo, ya saba kuka in an ɗauke kofin kunu, rana ɗaya sai ya datse baki. A kawo cokali ya kau da kai, a matsa masa ya ture, yawu na dalala har ya jiƙa wuyan riga, ga rigima dare da rana. Duk wadda ta leƙo gidan, maƙwabciya ce ko gwaggo, magana ɗaya za ta yi: haƙori ne, zai wuce. Sau da yawa da gaskiyarta. Amma a garin nan na Kano akwai yaran da aka zauna da su a ɗaki ana jiran haƙori ya ɓullo, alhali maleriya ce ke cin su, ko gudawa ce ke tsotse musu ruwan jiki. Shi ya sa aikin uwa a wannan lokaci kashi biyu ne: ta lallaɓa yaron ya wuce 'yan kwanakin ba tare da ya rame ba, kuma ta sa ido kada wata cuta ta fake a bayan haƙorin.

Haƙoran farko, waɗanda yaro zai yi famfara da su nan gaba, guda 20 ne. Na gaba na ƙasa kan fara fitowa wajen wata 6. Turamen farko kan zo tsakanin wata 13 da 19, fiƙoƙi tsakanin wata 16 da 23, turamen ƙarshe kuma daga wajen shekara 2 har kusan shekara 3. Turame su suka fi wahalar da yaro, domin suna da faɗi, kuma a daidai wurin tauna suke huda dasashi. Wahalar kowane haƙori ba ta da tsawo: kamar kwana 4 kafin ya huda, da kwana 3 bayan ya huda. Ki riƙe wannan lissafin da kyau. Ƙin abincin da ya haura mako ba a barin sa a wuyan haƙori.

Mataki na farko: ki tabbatar haƙorin ne

Wanke hannunki da sabulu, ki zaunar da shi a cinyarki inda akwai haske, ko ki kunna fitilar waya, ki leƙa bakin. In haƙori ne za ki ga wuri ɗaya ko biyu a dasashi ya kumbura ya yi ja, wani lokaci da ɗan fari a tsakiya, in kin taɓa ki ji tauri a ƙasa. Wani yaron wurin kan yi ƙululu mai shuɗi-shuɗi. Wannan yakan baje da kansa, kada a huda shi. Za ki ga yana cizon duk abin da ya samu, yana murza kumatu, barcinsa ya ragu. Jikinsa na iya yin ɗumi kaɗan.

Ɗumi kaɗan na ce, ba zazzaɓi ba. Bayan hannu ba ya bambance su, musamman a watan Afrilu da kowa jikinsa ke da zafi. Ki sayi ma'aunin zafin jiki a kemis ki ajiye, zai yi miki shekaru. Ki sa a hammatarsa. In ya kai 38, to ba haƙori ba ne, a je a gwada jini. Gwajin maleriya na ɗan tsinke minti 15 zuwa 20 ne ya fito. Da damina, ko yaro yana shan maganin rigakafin maleriyar nan da ake bi gida-gida ana rabawa wata-wata, zazzaɓi ya zo sai an gwada.

Haƙori ba ya sa gudawa, ba ya sa amai, ba ya sa tari, ba ya sa jijjiga. Na san wannan magana tana da wuyar karɓa, domin iyayenmu sun ga yara da yawa suna zawo lokacin haƙori, kuma ba ƙarya suka gani ba. Abin da ke faruwa shi ne, lokacin haƙori shi ne lokacin rarrafe da tatata. Dasashi na ƙaiƙayi, yaro ya ɗauki takalmi ya kai baki, ya ɗauki murfin kwalba daga bakin kwata ya kai baki. Ƙwayoyin cutar da ya haɗiya su ke kawo zawon. Ga shi kuma kariyar da ya samo daga jikin uwa tun yana ciki ta ragu a wannan shekarun. Saboda haka zawon na gaske ne, kuma magani yake so, ba jira ba.

Tun da kin buɗe bakin, ki duba sauran wurare. Farin abu a harshe da cikin kumatu wanda in an goge ba ya fita, wannan ciwon baki ne mai maganinsa daban. Ƙananan ƙuraje ko gyambuna a leɓe, harshe da dasashi, tare da zazzaɓi da warin baki, su ma suna hana yaro ci fiye da haƙori. Ki dubi maƙogwaro. Kano ta sha wahalar mashaƙo a 2023, kuma cutar tana farawa ne da abin da uwa za ta ɗauka ƙaramin abu: ƙin haɗiya, ɗan zazzaɓi, kasala. In kin ga fari-fari ko toka-toka ya lulluɓe maƙogwaro, ko wuya ya kumbura, ko murya ta dushe, a ranar za a tafi asibiti, ba gobe ba. Yaron da ke jan kunne ɗaya yana ihu in an kwantar da shi, ko ruwa na fita daga kunnen, shi ma a kai shi.

Akwai kuma wani abu da ba ciwo ba ne sam. Jariri kan ninka nauyin haihuwarsa sau uku a shekarar farko. A shekara ta biyu kuwa kilo 2 zuwa 3 kawai yake ƙarawa. Girma ya yi sauƙi, ci ma ya ragu, ga shi ya fara gane cewa yana da ikon cewa a'a. Yaron da ke wasa, yana fitsari, idonsa garau, amma yana tsince-tsince, mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau.

Mataki na biyu: ki kashe zafin kafin ki kawo abinci

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kawo abinci a kan ciwo. Babba ma in haƙori na masa zogi ba ya son ganin tuwo. Kamar minti 10 ko 15 kafin lokacin ci, ki sa yatsanki mai tsabta ki danna dasashin da ya kumbura, kina murzawa a hankali na minti biyu. Da farko zai ƙi, daga baya za ki ji shi da kansa yana datse yatsan, don dannawar tana rage masa zogi.

Sanyi ma yana taimakawa. Ki sami ƙaramin tawul ko hankici mai tsabta, ki jiƙa da ruwan sha, ki sa a firiji ya yi sanyi, ki ba shi ya tauna. In babu wuta, ki sa tsumman cikin leda mai tsabta ki ɗora a kan ƙanƙara a kula, ko ki tsoma cokalin ƙarfe a ruwan randa ki ɗora masa a wurin. Ƙanƙarar kanta kada ta shiga bakinsa: ta yi tauri, tana iya ji masa ciwo, kuma ba ki san da wane ruwa aka yi ta ba. Robar cizo ta yara tana da kyau in dai gaba ɗayanta roba ce, ba mai ruwa a ciki ba, kuma ana wanke ta kullum. Kada a rataya masa ita a wuya da zare. Haka duk wani abin wuya ko tsakiya da ake ɗaura wa yaro don haƙori: zare na iya shaƙe shi cikin barci, ƙwaya na iya tsinkewa ya haɗiye.

In ciwon ya hana shi barci ko ya hana shi ko da shan ruwa, farasitamol na yara ya isa. Ana auna shi da nauyin yaro, miligiram 10 zuwa 15 a kan kowane kilo. Ruwan maganin da aka fi samu an rubuta 120mg/5ml ko 125mg/5ml a jikinsa, don haka yaro mai kilo 10 mil 5 zai sha. A bar awa 6 tsakani, kada ya wuce sau 4 a kwana ɗaya. Ki auna da sirinji ko murfin da ya zo da maganin, cokulan gida girmansu ba ɗaya ba ne. Na ɗigawa ya fi na sha ƙarfi sosai, in shi ke hannunki ki tambayi mai magani ma'auninsa. Ki ba shi kamar rabin awa kafin abinci, za ki ga bambanci. In an kwana biyu ana bayarwa bai sauya ba, a daina ƙirga shi a haƙori, a kai shi a duba.

Sai maganar magungunan haƙori na kemis, kuma a nan zan ɗan tsaya. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya, har da waɗanda aka kwantar a Zariya. An samu wani sinadari mai guba a cikinsa, irin wanda ake amfani da shi a man birki, ya lalata musu ƙoda suka daina fitsari, NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta janye shi daga kasuwa. Yawancin iyayen nan ba abin da suke nema sai 'ya'yansu su samu sauƙi. Ko da maganin haƙori ba shi da guba, abin da ke cikinsa galibi farasitamol ne da maganin sa barci. Uwa ta ba da shi, ta ƙara da farasitamol daban, ta ninka ma'auni ba ta sani ba, hanta ce ke biya. Man shafawa a dasashi wanda aka rubuta benzocaine a kwalinsa, hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2018 kada a shafa wa yaron da bai kai shekara 2 ba, don yana iya hana jini ɗaukar iska. Asfirin ba na yara ba ne. Kafso mai ja da rawaya da ake farkewa a zuba a kunu saboda zawo yana ɓata launin haƙoran da ba su ma fito ba, har abada. Ruwan maganin sa cin abinci kuwa kasala da barci yake sa ƙaramin yaro, bai taɓa ciwon da ya hana shi ci ba. Jiƙe-jiƙen da ba a san ma'auninsu ba, su ma ƙodar yaro ƙarama ce, ba ta ɗauka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mataki na uku: ruwa da nono su ne gaba

Yaro mai ƙoshin lafiya zai iya kwana biyu ko uku yana ɗan taɓa abinci ba abin da zai same shi, muddin yana sha. Rashin ruwa ne ke kayar da yaro da sauri, balle a zafin bazara. In yana kan nono, ki ba shi duk lokacin da ya nema, dare da rana. A shekara ta biyu nono na iya ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da jikinsa ke buƙata, kuma shi ne abu na ƙarshe da yaro marar lafiya ke ƙi. Wannan ba lokacin yaye ba ne. In an riga an sa ranar kai shi gidan kaka, a ɗaga har ya warware. Shekara biyu cikakku da aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambata ita ce kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya. In ya cije ki, ki sa ɗan yatsa a gefen bakinsa ki zare nonon, ki ce masa a'a, ki dakata kaɗan ki mayar.

Ruwa kuma a kofi, kurɓi-kurɓi, a kai a kai, tafasasshe da ya huce ko wanda kika amince da tsabtarsa. Fida tana riƙe datti, kuma tsotsonta kan ƙara wa dasashi zogi. Ki lura da fitsari: in ya kai awa 6 zuwa 8 bai jiƙa famfas ko wando ba, ko fitsarin ya yi ja ya yi kaɗan, ruwan jikinsa ya yi ƙasa.

In da zawo, tun daga na farko a haɗa ORS, wato garin gishiri da sukari na leda da ake narkawa a ruwa. Ki karanta jikin ledar, yawanci lita ɗaya ake zubawa, wato ledar ruwa biyu in kowace rabin lita ce. Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi mil 50 zuwa 100 bayan kowane zawo, da cokali, a hankali. In ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. A haɗa masa da ƙwayar zink, miligiram 20 kullum har kwana 10, ko da zawon ya tsaya a kwana na uku. In dare ne babu ORS a gida, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, zai riƙe shi kafin gari ya waye.

Mataki na huɗu: abin da za ki girka

Doka uku ce: mai laushi, wanda ya huce ko mai ɗan sanyi, kuma mai nauyi a ciki. Na ukun shi aka fi mantawa. Uwa ta ga yaro ba ya tauna, sai ta tsinka koko ya zama ruwa, ya sha kofi guda, cikinsa ya cika, amma abin da ya shiga jikinsa bai taka kara ya karya ba. Cikin ɗan shekara ɗaya bai fi kofi guda yake ɗauka ba a zama ɗaya, yanzu kuma cokali biyar zai karɓa. To cokali biyar ɗin nan su zama masu amfani. Kunu ya yi kaurin da in kin karkata cokali ba zai zube nan take ba. Ki zuba masa ƙaramin cokali na man gyaɗa, manja ko man shanu, ko ki dama da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ko madara.

Kunun gyaɗa da shinkafar da ta dahu ta narke yana daga cikin mafi dacewa. Haka garin kunun nan da ake kira Tom Brown, wanda za ki iya haɗawa da kanki: gwangwani 6 na gero ko dawa ko masara, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. A tsince, a wanke, a shanya, a soya kowanne daban sama-sama har ya yi ƙamshi, a surfe ɓawon waken, a kai inji a niƙa lukui. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yanƙwane a zubar da ita, gubarta ba ta mutuwa da suya. Mai hali ya sayi hatsin da yawa a Dawanau, marar hali gwangwani-gwangwani a kasuwar Rimi ko ta unguwa ya wadatar.

Ban da kunu, akwai faten dankalin Hausa ko na Turawa da aka murƙushe da ɗan manja, kabewa dafaffiya, alala mai laushi wadda ba a cika mata attaruhu ba, ƙwai dafaffe da aka murje da ɗan romo, faten wake da aka cire ɓawo. Tuwon shinkafa mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa yana wucewa ba sai an tauna ba, santsin miyar ne ke kai shi. Ki marmasa kifi a ciki bayan kin tsince ƙaya tsaf, ko ki daka dafaffiyar hanta. Garin zogale kaɗan a miya yana ƙara amfani. 'Ya'yan itace kuwa ayaba cikakkiya, gwanda, mangwaro da aka matse, kankana da aka cire wa 'ya'ya, in sun ɗan yi sanyi yaro mai haƙori yakan karɓe su ko ya ƙi komai. Ko a 'Yan Lemo aka saya ko a bakin titi, a sayi ɗungurungum a wanke a yanka a gida. Wanda aka yanka aka ɗaure a leda ba na yaro ba ne. Yogot ko kindirmon da kika tabbata an tafasa madararsa shi ma yana sanyaya dasashi.

Abin da za ki ɗage masa na 'yan kwanaki: yaji, abu mai tsami irin lemon tsami da kunun tsamiya, abinci mai turiri, da busassun abubuwa masu kartar dasashi irin dambu da ƙanzo. Abin da ba za a ba shi ba ko lafiyarsa ƙalau: gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, aya, gurjiya, guntun ƙuli-ƙuli, ɗanyen karas, alawa mai tauri, dabino da ƙwallonsa, inabi ba a tsaga ba. Yaro mai ƙaiƙayin dasashi yana gatsa da ƙarfi, guntu ya ɓalle ya tsaya a maƙogwaro. Zuma kuma sai wanda ya cika shekara ɗaya.

Sai kayan ƙwalam. Yaro ya ƙi tuwo, tausayi ya kama uba, ya dawo da biskit da lemon roba da alawa. Yaron ya karɓa, kowa ya ji daɗi. Amma zaƙin ya toshe ɗan gurbin da ya rage, gobe kuma ya gane cewa in ya ƙi tuwo biskit na zuwa. Shayi ma ba abincin yaro ba ne, yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke gina jini. Madarar gari ko ta shanu in ta wuce rabin lita a rana ita ma tana kashe cin abinci.

Mataki na biyar: yadda za ki ba shi

A daina jiran sau uku. Ki riƙa kawo kaɗan-kaɗan duk bayan awa biyu, cokali uku zuwa biyar a ƙaramin kwanonsa shi kaɗai, don ki san abin da ya ci. Ki nemi lokacin da ya fi sakewa, yawanci da safe bayan ya tashi, ko bayan magani ya kama. Ki zaunar da shi tsaye, kada a kwance. Cokalin roba ya fi na ƙarfe taushi, kuma ki kai abincin ɓangaren da ba ya ciwo. Wani yaron ba ya son cokali sam a wannan lokaci, amma zai lasa daga yatsanki, ko ya ɗiba da hannunsa in an wanke masa. Bar shi ya ɓata jiki. In akwai yayye, ki zaunar da shi cikinsu suna ci; ganin wani na ci ya fi lallashi aiki. Minti 20 ya isa. In ya ƙi, ki ɗauke ba faɗa ba tsawa, ki sake kawowa an jima. Abincin da ya wuce awa 2 a ajiye a zafin Kano kada a mayar masa sai an sake tafasa shi.

Kada a yi masa ɗura. Na san da ita aka reni da yawa daga cikinmu: a kwantar da yaro a cinya, a danne hannuwa, a tara kunu a tafin hannu a bakinsa, a toshe hanci har ya haɗiye. Yaron da ke kuka yana neman numfashi, hanyar iskarsa a buɗe take, kunun na iya bi ta nan ya sauka a huhu. Wani ya ƙware nan take, wani bayan kwana biyu ya kama zazzaɓi da tari da haki, ya zama ciwon huhu. Wanda ya tsira kuma yana iya tsanar cokali har bayan haƙorin ya fito, ƙin abincin kwana huɗu ya koma na wata huɗu. In abu ya tsaya masa ya kasa kuka ya kasa numfashi, ki kifa shi a cinyarki kansa ya yi ƙasa, ki buga tsakanin kafaɗunsa da ƙarfi sau 5 da tushen tafin hannu, wani kuma ya nemo abin hawa. Kada a zura yatsa ana lalube.

Mutanen gida

Sau da yawa uwa ta san duk wannan, amma ba ita ke da ta cewa ba. Kaka ta ce a miƙo mata shi ta ɗura masa, ko ta ce belu ne ya hana shi ci, a kira wanzami. Ba ƙiyayya ba ce, jikanta ne, hankalinta ne ya tashi. Amma cire belu ba ya buɗe cin abinci. Ciwo ne ake ƙarawa a bakin da ke ciwo, ga zubar jini, ga haɗarin ƙarfen da aka yi wa wani aiki da shi. Haka tsaga dasashi don haƙori ya fito. Suruka ba za ta iya musu da uwar miji ba, kuma bai kamata a bar ta ita kaɗai da wannan nauyi ba. Maigida shi zai shiga, da ladabi: "Hajiya, ki yi haƙuri mu kai shi a duba shi tukuna, duk abin da likita ya ce zan zo in gaya miki." Ita kuma uwar ta roƙi kaka abin da ta fi kowa iyawa: "Hajiya, ko za a goya shi ya samu barci, ni in dama masa kunu?" Yaron da ya yi barci ya huce ya fi karɓar abinci.

Lokacin da za a bar gida a tafi asibiti

Ba a jira in yaro ya ƙi nono da ruwa gaba ɗaya, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ana tashinsa da ƙyar. Haka in idanunsa sun faɗa, ko maɗiga ta lotsa, ko yana kuka ba hawaye, ko akwai jini a bayan gidansa. Ki ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashi na minti ɗaya yana kwance shiru: ɗan shekara ɗaya zuwa biyar in ya kai 40, ko ƙasan haƙarƙarinsa na shiga ciki, a tafi. Wuya ya sanƙare, tafin hannu ya yi fari fat, ƙafafu biyu sun kumbura, ƙuraje sun feso bayan zazzaɓi da jan ido, duk na tafiya ne ko tsakar dare. Akwai asibitin yara na Hasiya Bayero, akwai na Khalifa Isyaku Rabiu a titin gidan Zoo, akwai sashen yara a asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano. Abin da bai kai gaggawa ba, kamar ƙin abincin da ya haura mako ko zazzaɓi marar tsanani, asibitin sha-ka-tafi na unguwa ya isa a fara da shi. A ɗauki katin rigakafi da duk kwalaben maganin da aka ba shi a gida, a faɗa wa ma'aikaci gaskiyar abin da ya sha, har da na gargajiya.

A can ki roƙa a auna damtsensa da ɗan tef ɗin nan mai launi uku. Kore lafiya, rawaya, wato santimita 11.5 zuwa 12.5, ya fara ramewa, ja kuwa tamowa ce mai tsanani, kuma ana maganinta da abincin gyaɗar nan na leda. Yawancin tamowa da haka take farawa: zawo, ƙin abinci, koko tsararo, wani zawon kuma.

Bayan haƙorin ya huda

Ci zai dawo, wani lokaci da ƙarfi. Ki ƙara masa abinci sau ɗaya a kan na kullum har mako biyu don ya mayar da abin da ya zube, wato manyan ci uku ko huɗu da ɗan abin taɓawa sau biyu, sannan ƙarin. Ki koma abinci mai ɗan tauri da wuri. In aka daɗe a kan kunu zalla yaro kan manta tauna ya ƙi komawa tuwo. Sabon haƙorin a fara goge shi safe da dare da ƙaramin buroshi mai laushi da man goge baki ɗan mitsitsi, kada ya wuce tsawon ƙwayar shinkafa, kuma kada ya kwana da fidar madara ko abin zaƙi a baki. Fatar haɓa da wuya da yawu ya ci, a riƙa tsane ta da tsumma mai laushi a shafa man kaɗanya ko basilin. A kai shi awo a ga ko nauyinsa ya koma kan layi, a karɓi ɗigon bitamin A in wata 6 ya zagayo, kuma in allurar ƙyanda ta biyu ta wata 15 ta wuce shi, a yi masa ita a ranar.